Durɓi ta Kusheyi: An Tono Tarihinmu, Labarin Bai Iso Gare Mu Ba

'Yan uwa, ko a cikin Katsinawan da ke zaune tare da mu a nan Kudu, kaɗan ne suka san abin da aka tono a Durɓi ta Kusheyi. Wuri ne a ƙasar Mani da ke Jihar Katsina, mai manyan tuddai da tarihin baka ya ce kaburburan sarakunan Durɓawa ne.

Baturen mulkin mallaka Palmer ne ya fara haƙa wurin a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 masana daga Jamus da ma'aikatan hukumar gidajen tarihi ta ƙasa suka sake tona uku daga cikin tuddan. Abin da ya fito ba ƙarami ba ne: 'yan kunne da zobe na zinariya, awarwaro na hauren giwa, duwatsun ado, kuɗin wuri, da tasoshin tagulla, ciki har da wadda ƙirarta ta nuna daga wajajen Masar ko Gabas ta Tsakiya ta fito. Gwaji ya nuna kaburburan na tsakanin ƙarni na 13 da na 16 ne. Wato tun wancan lokaci fataucin ƙasar Katsina ya ratsa Sahara. Mu da fatauci ya kawo kakanninmu Legas da Ibadan, wannan labarinmu ne.

A 2007 aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, daga baya aka dawo da su Nijeriya. Sai dai an rubuta sakamakon binciken da Jamusanci da Turanci, a littattafan da ko ɗan jami'a sai ya sha wuya kafin ya gani.

A nan ne wayar hannu za ta yi amfani. Hoton tasar nan da bayani layi biyar da Hausa a Facebook, ko saƙon murya a WhatsApp domin dattawan da ba su karanta boko, zai kai inda littafin bai kai ba. Malaman sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ya kamata su ja gaba, domin idan masana suka yi shiru, masu ƙaga labari ne ke cika fili, a ɗora hoton wata ƙasa a ce Daura ce.

Akwai kuma haɗari. Kalmar zinariya kaɗai ta isa ta tada ɓarayi, kuma mun san yadda aka wawashe gumakan yumɓu na Nok da na Kwatarkwashi aka sayar a Turai. Abin da aka ciro ba tare da an rubuta zurfinsa da abin da ke kusa da shi ba, ya rasa yawancin labarinsa. Saboda haka wanda ya ci karo da tsohuwar tukunya a gona ko wajen haƙa rijiya, kada ya yaɗa hoton da sunan wurin. Ya bar ta a inda take, ya sanar da mai gari da gidan tarihi mafi kusa.