Makwancin Saiwar Okid: Abin da Shekara Ɗari Biyu Suka Koya wa Masu Lambu

Furen okid ya zama kayan kowa a manyan kantunan Turai da Amurka da Asiya, amma ajalinsa bai canja ba tun zamanin da sarakuna da attajirai kaɗai ke iya mallakarsa: galibi ruwa ne ke kashe shi. Mai shi zai ga ganye ya yi yaushi, ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, ganye ya ƙara langwaɓewa, sai ranar da ya zazzage tukunya ya tarar saiwoyi sun yi baƙi sun ruɓe. Garin neman gira an rasa ido. Daga nan tambaya ke tasowa: a cikin me za a sake dasa shi don ya farfaɗo? Amsar tana cikin tarihin sana'ar kanta. Masu lambu sun shafe shekara ɗari biyu suna sauya abin da suke cika tukunyar okid da shi, kuma duk sauyin da ya ɗore abu ɗaya ya ƙara wa saiwa, wato iska. Duk wanda ya rage mata iska kuwa, komai farin jininsa da farko, bai yi ƙarko ba.

Yawancin okid na ƙasashe masu zafi a kan rassan itatuwa suke rayuwa. Sun bambanta da kauci, wanda ke kafa kansa cikin itace yana tsotsarsa. Okid masauki kawai yake nema. Saiwarsa tana lulluɓe da wani farin rufi mai kama da soso, wanda ke shanye ruwan sama nan take, sannan iska ta busar da shi cikin 'yan sa'o'i. Turawan farkon ƙarni na 19 ba su san haka ba, domin tsire-tsiren a cikin akwatuna suke iso musu, ba tare da labarin inda aka ciro su ba. Lokacin da wani okid na Burazil ya yi fure a hannun William Cattley a garin Barnet a 1818, sha'awar ta kama manyan Ingila, amma ilimin renon bai biyo ta ba. Sun ɗauka duk abin da ya fito daga ƙasa mai zafi turiri yake so. Sai suka cusa tsiron cikin ƙasa da ruɓaɓɓen itace, suka kulle shi a ɗakin gilashi mai tsananin zafi da ba ya shan iska. Ko John Lindley, babban masanin okid na zamanin, a 1830 zafi da yawan danshi ya ba da shawara. Dubban tsire-tsire suka mutu, har aka riƙa yi wa Ingila laƙabi da makabartar okid.

Gyara ya fito ne daga hannun masu aikin lambu da matafiyan da suka ga tsiron a mazauninsa. Tun da wuri Joseph Banks ya gwada rataye okid a cikin kwanduna da gansakuka, ya ga sun fi na cikin ƙasa lafiya. Joseph Cooper, mai lambun gidan Fitzwilliam, da Joseph Paxton na gidan Chatsworth suka rage wuta, suka buɗe tagogi. A 1835 Paxton ya tura matashin ma'aikacinsa John Gibson zuwa Indiya, ya tattaro okid a tsaunukan Khasi, inda ruwan sama ke zuba kamar da bakin ƙwarya, amma saiwoyi na rataye a sarari. Wannan ya nuna cewa yawan ruwa kaɗai ba ya kisa. Ruwan da ya kwanta ya toshe numfashi shi ne dafi. Kafin ƙarshen ƙarnin tsari ya zauna: a cika kusan rabin tukunya da fasassun kasake, a ɗora zaren ruɓaɓɓen tsiron fadama bayan an kakkaɓe garinsa, a gauraya da gansakuka da gawayi, a ɗaga gindin tsiron sama da bakin tukunya don kada ruwa ya taru a wuyansa.

Darasin bai zauna lokaci guda ba. Wajen shekarar 1900 aka yi yayin dasa okid a cikin ruɓaɓɓen ganye, salon da ya taso daga Beljiyam. Tsiron kan yi saurin girma da farko, sannan ganyen ya narke ya zama taɓo, saiwa ta shaƙe, sai yayin ya wuce. Abin da ya gaje shi shi ne zaren saiwar wani tsiro mai suna osmunda, mai ƙarfi kamar waya, wanda ke riƙe danshi ba tare da ya cushe ba. Ya yi mulki kusan rabin ƙarni, har ya yi wuyar samu, ya yi tsada, ga cusa shi a tukunya aiki ne na ƙwararre. A shekarun 1950 masu gonakin okid na Kalifoniya suka koma ga ɓawon itatuwan katako, wanda a da shara ne a wuraren yankan katako. Arha ce ta kawo shi, amma iskar da ke ratsa tsakanin gutsattsarinsa ce ta zaunar da shi. Shi ma yana da aibi: ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi suna cinye naitirojin, dole a ƙara taki, kuma bayan shekara biyu ko makamancin haka yakan marmashe ya riƙe ruwa. Sauran ƙasashe kowa ya ɗauki abin da ke kusa da shi: Burazil ta yi amfani da kututturen wani tsiron daji har ya kusa ƙarewa aka hana saransa, Sirilanka da Indiya suka fito da ɓawon kwakwa, a Tailan kuwa gawayi ake zubawa, wasu nau'o'in ma a rataye su a kwandon katako babu komai a ciki.

Mai ja da wannan magana yana da hujja mai ƙarfi. Bayan Lewis Knudson ya gano yadda ake tsirar da irin okid a cikin kwalba a 1922, Georges Morel kuma ya buɗe hanyar ninka tsiro ɗaya zuwa dubbai a 1960, okid ya zama hajar masana'anta. Taiwan, ɗaya daga cikin manyan masu fitar da shi, a cikin gansakukar fadama take renonsa, a danne ta tam, alhali wannan gansakuka tana iya shan ruwa kusan ninki ashirin na nauyinta. Tun 2004 Amurka ta amince a shigo da okid na Taiwan a cikin gansakukarsa. In iska ce komai, ta yaya miliyoyin tsire-tsire ke bunƙasa a haka? Amsar ita ce gonar tana biyan bashin iskar ta wata hanya: ɗumi daidai, fanka na kaɗawa dare da rana, ba a ba da ruwa sai gansakuka ta kusa bushewa. Da tsiron ya koma falon mai saye, inda haske ya ragu, iska ta tsaya, ana zuba ruwa duk mako bisa al'ada, sai gansakukar da ta rene shi ta zama ajalinsa. Ashe ba a auna makwanci shi kaɗai, sai an haɗa da ɗakin da hannun mai ban ruwa.

Wani kuma zai ce, to, tunda ruwa ne ya yi ɓarna, a zuba wa majinyacin manyan gutsattsarin ɓawo a huta. Nan ma akwai kuskure. Tsiron da ya rasa saiwa ba shi da bakin shan ruwa, ga sabon ɓawo ba ya riƙe danshi, don haka ganye zai ci gaba da zubar da ruwan jikinsa har ya ƙare kafin sabuwar saiwa ta fito. Abin da yake buƙata shi ne laima a kewaye da gindinsa ba tare da jiƙa ba. Shi ya sa ƙwararru kan yanke duk saiwar da ta yi laushi da wuƙa mai tsabta, su zubar da tsohon makwanci gaba ɗaya, su nemi ƙaramar tukunya mai ramuka, daidai da saiwar da ta rage, ko da ganyen ya fi ta girma. Babbar tukunya tsakiyarta ba ta bushewa, kuma can ruɓa ke farawa. A wuri mai bushewar iska sukan sa gansakukar da aka jiƙa aka matse, a sassauce, ko su gauraya ta da ɓawo matsakaici. A wuri mai danshi ɓawo da gawayi sun wadatar. Sukan ɗaure tsiron a jikin tsinke don kada ya yi motsi, domin kan sabuwar saiwa da zarar ya gurje sai ya daina girma. Taki kuwa a dakata da shi sai koren kan saiwa ya bayyana.

Kayan za su ci gaba da sauyawa. Yau wasu sun koma ga ƙwallayen gasasshen yumɓu da ba sa ruɓewa, gobe wani abu zai fito, kamar yadda osmunda ta ture ganye, ɓawo ya ture osmunda. Amma ma'aunin da Paxton da takwarorinsa suka samu bayan asara mai yawa bai tsufa ba, kuma kowa na iya gwada shi a gidansa: bayan an ba da ruwa, kwana nawa makwancin ke ɗauka kafin ya sha iska? Idan ya wuce mako guda yana jiƙe, ya yi wa saiwa nauyi, komai tsadarsa da sunansa. Idan ya bushe ƙayau a yini ɗaya, ba zai tayar da tsiron da ba shi da saiwa ba. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ake zaɓe, kuma ɗakin da tsiron zai zauna shi ke yanke hukunci.