Ja da Shuɗi: Abin da kundin Beatles na 2023 ya ƙara, da abin da ya sauya

A ranar 10 ga Nuwamba, 2023, aka sake fitar da kundaye biyu na zaɓaɓɓun waƙoƙin Beatles, ƙungiyar makaɗan nan huɗu ta birnin Liverpool da ke Ingila, wadda ta watse tun 1970. Sunayensu na hukuma shekaru ne kawai, 1962–1966 da 1967–1970, amma masoya sun fi saninsu da Ja da Shuɗi saboda launin bangonsu. A fitowar farko, cikin Afrilun 1973, waƙoƙi 54 ne a cikinsu. Sabon bugun yana da 75, kuma an sake haɗa sautin kaso mai yawa daga cikinsu. Waƙa ɗaya tak ce sabuwa. Tambayar da ta taso a lokacin, kuma take tasowa duk sa'ad da tsohuwar ƙungiya ta yi irin wannan, ita ce ko akwai abin saye a nan, ko kuwa tsohuwar haja ce aka yi wa sabon kwali.

Shi kansa bugun 1973 ɗin lissafin kasuwa ne ya haife shi. Wasu 'yan satar fasaha a Amurka sun tattara waƙoƙin ƙungiyar a wani kundi mai suna Alpha Omega suna sayarwa ba izini, har suna tallata shi a kafafen watsa labarai. Kamfanin Beatles, Apple Corps (ba shi da alaƙa da masu ƙera iPhone), wanda Allen Klein ke jagoranta a lokacin, ya mayar da martani da nasa zaɓin. Zaɓin yana da giɓi. Kundin Ja bai ɗauki ko waƙa ɗaya da George Harrison ya rubuta ba, bai kuma ɗauki ko ɗaya daga waƙoƙin baƙar fatan Amurka da ƙungiyar ta aro ta gina sunanta a kansu ba. Bugun 2023 ya cike wannan. Ya shigo da “Twist and Shout” da “Roll Over Beethoven” ta Chuck Berry da “You Really Got a Hold on Me” ta Smokey Robinson, sannan da “Taxman”, inda Harrison ya caccaki harajin da gwamnatin Harold Wilson ke ɗora wa masu babban kuɗin shiga, ya ambaci Wilson da madugun adawa Edward Heath da suna.

Akwai bambanci tsakanin goge sauti da sake haɗa shi, kuma a nan batun yake. Abin da aka yi wa duk fayafayan Beatles a 2009 gogewa ce: an ɗauki haɗin da aka kammala tun shekarun 1960, an share ƙura, an daidaita ƙara. Sake haɗawa kuwa komawa ce ga kowane kayan kiɗa da kowace murya daban-daban, a yanke sabon hukunci kan wanda zai fito gaba da wanda zai koma baya, wanda zai zauna hagu da wanda zai zauna dama.

Matsalar ita ce a waƙoƙin farko babu “daban-daban” ɗin da za a koma gare shi. A 1962 da galibin 1963 tef mai layi biyu ake amfani da shi a situdiyon EMI da ke titin Abbey Road: kayan kiɗa a layi ɗaya, muryoyi a ɗayan. Mai layi huɗu ya zo ne da “I Want to Hold Your Hand” a Oktoban 1963, mai takwas sai 1968. Ba a kuma damu ba, domin faifan mono, mai fita ta lasifika ɗaya, shi ne matasa ke saye, shi ne kuma ƙungiyar ke tsayawa a kansa. Sitiriyo aikin bayan fage ne da sau da yawa ake yi cikin gaggawa. Shi ya sa mai sauraron tsohon haɗin da abin sa wa a kunne yakan ji ganga da jita sun cunkushe a kunne ɗaya, muryoyi suna shawagi su kaɗai a ɗayan. “She Loves You” da asalin “Love Me Do” ma tef ɗin ɗaukarsu ya salwanta, sai mono ya rage.

Raba irin wannan sauti kamar tsame gishiri ne daga miyar da ta riga ta dahu. Abin da ya sa ya yiwu shi ne wata manhajar ƙirƙirarriyar basira mai suna MAL, wadda ma'aikatan Peter Jackson, mai shirya fina-finai ɗan New Zealand, suka ƙera lokacin aikin shirin Get Back na 2021. An koya mata gane muryar kowane mutum da amon kowane kayan kiɗa, sai ta ware su. Giles Martin, ɗan George Martin wanda ya shirya kusan duk fayafayan ƙungiyar, ya fara amfani da ita a kundin Revolver a 2022, sannan shi da injiniya Sam Okell suka bi da ita ta kan kundin Ja. Nan ne ribar gaskiya take. Gangar Ringo Starr da jitar bas ta Paul McCartney, waɗanda a da suke a danne, sun samu wurin zama a tsakiya, “She Loves You” kuma ta samu sitiriyo na haƙiƙa a karon farko.

Shuɗi bai kai haka ba. Yawancin haɗe-haɗensa an riga an sayar da su a bugun tunawa na Sgt. Pepper a 2017, farin kundin nan a 2018, Abbey Road a 2019, Let It Be a 2021, da kundin 1 da aka sabunta a 2015. Wanda ya mallaki waɗannan, kaɗan ne sabo a gare shi.

Sai dai Shuɗi ne ke ɗauke da “Now and Then”. John Lennon ya rera ta da piyano a gidansa na New York a ƙarshen shekarun 1970, ya naɗa a kaset. Bayan kisansa a Disambar 1980 kaset ɗin ya zauna wurin matarsa Yoko Ono, har ta miƙa wa McCartney a 1994. Ukun da suka rage sun gwada kammala ta a 1995, suka ajiye, domin piyano ya shanye muryar. MAL ce ta tsamo muryar Lennon tsaf. Ba ta ƙirƙiri ko kalma ɗaya ba. Aka haɗa da jitar da Harrison ya kaɗa a 1995 kafin rasuwarsa a 2001, da sabon aikin McCartney da Starr. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, shekara 54 bayan na ƙarshe da ƙungiyar ta samu a 1969, ta kuma ci lambar Grammy a Fabrairun 2025.

Masu suka suna da hujjar da ba ta da sauƙin turewa. Lennon da Harrison da George Martin, wanda ya rasu a 2016, ba su ji waɗannan haɗe-haɗe ba, balle su amince. Tun da waƙoƙin Beatles suka shiga manhajojin sauraro ta intanet a Disambar 2015, yawancin matasa ba su zaɓar bugu. Abin da manhaja ta fara miƙo musu shi suke ji. Idan sabon haɗi ya zama shi ne a gaba, to a aikace shi ne Beatles ga wanda aka haifa bayan 2000, yayin da mono ɗin da mutanen huɗu suka tsaya a kansa ya zama kayan masu tara fayafayai. Sauyin ma ya taɓa zaɓin ɗauka: “Love Me Do” ta bugun 1973 Andy White ne ke buga ganga a cikinta, ta 2023 kuwa Ringo ne.

Bayan duk wannan akwai batun mallaka. Haƙƙin rubutattun waƙoƙin Lennon da McCartney ya daɗe da barin hannunsu. Michael Jackson ya sayi kamfanin ATV mai riƙe da su a 1985 kan dala miliyan 47.5, a 2016 kuma Sony ya biya magadansa dala miliyan 750 ya karɓi rabinsu na kamfanin haɗin gwiwar da suka kafa. McCartney ya kai Sony/ATV kotu a Amurka a 2017 yana neman kasonsa, aka sasanta a asirce. Naɗaɗɗen sautin kuma yana ƙarƙashin Universal tun da ya sayi sashen fayafayai na EMI a 2012. A Turai an tsawaita kariyar naɗaɗɗen sauti daga shekara 50 zuwa 70 a 2013, amma dokar ta makara ga “Love Me Do” ta 1962, wadda wa'adinta ya riga ya cika. Na waƙoƙin 1963 zai cika a ƙarshen 2033.

McCartney, wanda ƙirƙirarriyar basira ta dawo masa da muryar abokinsa, ya fito a Janairun 2025 yana adawa da shirin gwamnatin Birtaniya na barin kamfanonin fasaha su horar da manhajojinsu da ayyukan mawaƙa, sai dai idan mai aikin ya bayyana ƙin yardarsa.