Tarihin Ilimin Yara Masu Buƙata ta Musamman a Nijeriya

Tun kafin zuwan boko, makaho a ƙasar Hausa yana da hanyar neman ilimi. Yakan zauna a tsangaya ya ɗauki karatu da kunne, wasu har su haddace Alƙur'ani. Kurma kuwa, duk da yana da maganar hannu da yake hira da ita a gida da kasuwa, ba kasafai ake sa shi a lissafin ɗalibai ba.

Makarantar makafi ta farko a Nijeriya ita ce ta Gindiri, a jihar Filato ta yanzu, wadda 'yan mishan suka buɗe a 1953. A can yara suka fara koyon rubutun makafi na Braille, wanda aka gina a kan ɗigo 6. Ɗalibi yana huda takarda mai kauri da tsinke daga dama zuwa hagu, sannan ya juya ta ya shafa tudun ɗigon da yatsa daga hagu zuwa dama. A 1960 Andrew Foster, wani kurma baƙar fata daga Amurka, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan bayan wadda ya kafa a Gana a 1957. Aikinsa ne ya yaɗa maganar hannu irin ta Amurka a makarantun ƙasar, abin da ya sa kurman da ya yi boko a Kano yakan tashi da maganar hannu biyu, ta aji da ta unguwa.

Gwamnati ta shigo da jinkiri. Sai a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ware sashe ga ilimi na musamman, aka kuma kafa kwalejin horar da malamansa a Oyo. Makarantun sun zama na keɓe, galibi na kwana, nesa da iyaye. Sun ceci yara da yawa daga bara, amma sun yi kaɗan ƙwarai, kuma sun raba yaro da tsararrakinsa.

Tunani ya sauya bayan taron Salamanca na ƙasar Sifen a 1994, inda gwamnatoci 92 suka amince makarantar unguwa ta karɓi kowane yaro. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, wadda ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara mashigarsu.

Wa'adin ya cika a 2024. Har yau akwai makarantu da yawa da gurgu sai ya bar kekensa a ƙofa ya ja jiki ya hau matakala, ya tarar da aji cike maƙil da malami ɗaya wanda ba a taɓa horar da shi kan buƙatarsa ba.