Inshorar manyan motocin ɗaukar kaya a Tawa

Duk mai babbar mota da ke ɗaukar albasa daga Tamaske ko Keita, ko kai hatsi Abalak, doka ta wajabta masa yin inshora. Nijar tana bin dokar CIMA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992.

Inshorar dole tana biyan diyyar wanda motar ta raunata ko ta ɓata wa dukiya. Ba ta biyan gyaran motarka, kuma ba ta biyan albasar da ta zube a hanya. Waɗannan sai da wata inshora daban. Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa.

Kuɗin ya danganta da ƙarfin injin, nauyin kaya da yawan watanni. Idan hatsari ya auku, a sanar da kamfanin cikin kwana 5.