Karayar kwatangwalo: wace allura ake yi wa tsoho kafin tiyata?

A Zangon Kumasi, idan tsohuwa ta zame a banɗaki ta kasa tashi, mai ɗori ake fara tunawa. Amma karayar kwatangwalo ba irin ta hannu ba ce. Galibi sai an yi tiyata, kuma likitocin ƙashi sun fi son a yi ta cikin awa 48, domin doguwar kwanciya na jawo ciwon huhu, gyambon baya da daskarewar jini a ƙafa. A Kumasi, asibitin koyarwa na Komfo Anokye ne babban wurin da ake tura irin wannan.

Hanya biyu ce ake kashe zafi lokacin aikin. Ko a sa mutum barci gaba ɗaya, na'ura tana taimaka masa numfashi, ko a yi masa allura a gadon baya, jiki ya mutu daga cibiya zuwa ƙafa na awa biyu zuwa uku, yana farke. An daɗe ana ɗauka ta bayan ta fi wa tsofaffi sauƙi. Sai dai wani bincike da aka wallafa a 2021, kan mutum 1,600 a Amurka da Kanada, bai ga bambanci ba wajen rayuwa, ruɗewa, ko iya tafiya bayan kwana 60. Lafiyar majiyyaci ce ke yanke hukunci. Mai shan maganin tsinka jini, kamar warfarin, ba a yi masa allurar baya sai an gwada jininsa. Don haka dangi su tafi da duk magungunansa, har na gargajiya, kada a ɓoye.

Akwai kuma allurar da ake yi a matsematsi, mai kashe jijiyoyin da ke kai zafin kwatangwalo. Ana iya yin ta tun kafin tiyata, tana kuma rage buƙatar mofin, wanda ke sa tsoho gyangyaɗi, taurin ciki da ruɗewa. Inda ake yi, ya kamata a tambaya.

Bayan aiki, farasitamol a kan lokaci shi ne tushe. Diclofenac da ibuprofen na iya taɓa ƙoda da cikin tsoho. Tramadol na bakin titi kuwa, kada mai dubiya ya kawo shi da sunan tausayi. Ana rage zafin ne domin majiyyaci ya iya miƙewa da taimako, sau da yawa washegarin tiyata.