Yazoo: Faifai Biyu, Sai Rabuwa

Yau garin Basildon na Ingila za mu leƙa.

A ƙarshen 1981 Vince Clarke ya fice daga Depeche Mode. Alison Moyet kuma ta sa talla a jaridar Melody Maker tana neman abokan waƙa. Shi gwanin sintesaiza ne, na'urar da ke haɗa kiɗa da lantarki, ita kuma Allah ya ba ta murya mai kauri. Haka aka kafa Yazoo.

Waƙarsu ta farko, "Only You", ta kai lamba 2 a Birtaniya a 1982. Amma fa a bayan fage ba sa hira. Lokacin faifai na biyu, kowa da sa'ar da yake shiga situdiyo. Kafin ya fito a 1983 sun sanar da rabuwa, kuma shi ne ya hau lamba 1.

Wallahi labarin nan ya taɓa ni. Na taɓa kafa ƙungiyar matasa da wani abokina, aiki na tafiya, amma ba ma zama mu faɗa wa juna gaskiya. Ta watse.

Su Yazoo sai 2008 suka sake hawa dandamali tare. Ni ban kira nawa abokin ba har yau.