Labarin Mai Unguwa a Ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum

In ana ba da labarin En'e akan fara da sarakuna, a gangaro kan alƙalai da ma'aji, sa'an nan a rufe littafi. Ba safai a kan tuna da mai unguwa ba, alhali kuwa a zaurensa talaka ya ke fara gamuwa da hukuma. Labarinsa za mu bayar kaɗan, yadda ya kasance a yammacin Zamfara.

Asalin sarautun nan ya girmi zuwan Turawa nesa. Wajen shekarar 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, gidan sarauta ya watse, ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har bayan jihadin Shehu Usmanu ya sami zama a Anka. Tun daga nan Sarkin Zamfara ya ke can. A Gummi akwai Sarkin Mafara, a Bukkuyum kuwa Sarkin Danko. Kowanne da garinsa, kowane gari da unguwanninsa, kowace unguwa kuma da dattijon da ke amsa kira dominta.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ba su rushe wannan tsari ba, sai suka ɗora masa takarda. Aka yanka ƙasa gunduma gunduma a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, aka kafa Baitulmali. A nan ƙasar shugaban gunduma shi ne uban ƙasa, na ƙauye kuma hakimi, ba kamar Kano ba inda su ke cewa hakimi da dagaci. A ƙarƙashinsu duka sai mai unguwa. In lokacin ƙidaya ya zo, shi ke zagawa da malamin haraji gida gida, yana faɗin wane ya balaga, wane ya tsufa, wane ya tafi cin rani. In baƙo ya sauka, a kai shi gare shi. In agana ta ɓulla, shi zai kai labari sama tun ba ta bazu ba.

Kada mu ɓoye gaskiya don muna biki. Aikin nan ya jawo masa baƙin jini. Mutum ne wanda ke salla sahu ɗaya da mutanen da zai matsa wa su biya, kuma in kuɗi ba su cika ba shi dogari ke nema. Akwai waɗanda suka tausaya, akwai kuma waɗanda suka ci da gumin talakawa. Da siyasar jam'iyyu ta shigo bayan 1950, da wannan 'yan NEPU suka yi ta sukar En'e, ba kuwa duka maganarsu ce ƙarya ba.

Sa'an nan iko ya soma zarewa. Tsakanin 1967 da 1970 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, Anka da Gummi suna cikin na farko a Jihar Sakkwato, daga baya Bukkuyum ta sami tata. A 1978 dokar ƙasa ta mai da ikon filaye hannun Gwamna da ƙaramar hukuma. A 1996 aka yi Jihar Zamfara. Mai unguwa ya wayi gari kansila na da kuɗi da ƙuri'a, shi kuwa sai rawani da sanin mutane.

To, a 2010 aka ga abin da wannan sani ya ke amfanawa. Zinariya ta yi tsada a duniya, mutane suka dinga haƙo duwatsu suna kawowa cikin gari. A tsakar gida a ke farfasa su, a niƙa da inji irin na hatsi, a shanya a inda yara ke rarrafe. Ashe duwatsun cike su ke da dalma. Ƙura ta shiga abinci da ruwa, yara suka soma farfaɗiya suna mutuwa, iyaye na zaton zazzaɓi ne. A watan Maris likitocin MSF suka lura, bincike kuma ya tabbatar gubar dalma ce. 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, da Dareta da Abare da Bagega na ƙasar Anka, duk abin ya same su. Yara fiye da 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Magani bai yiwu da likita kaɗai ba, don yaron da aka warkar in ya koma gida mai guba sai ciwo ya dawo. Dole a fitar da niƙa bayan gari, a kankare ƙasar kowane gida a binne, a zubo sabuwa. Wa zai gaya wa magidanci ya ɗauke abin da ya ke ci da iyali da shi? Wa zai nemi izini maza su shiga gidan kulle da shebur? Ba takardar Gusau ta yi wannan ba. Sarakuna suka ba da umurni, hakimai da masu unguwanni suka bi ƙofa ƙofa. Ƙauyuka bakwai aka share zuwa 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi ta jiran kuɗin Gwamnatin Tarayya har 2013, yaranta na kwana cikin ƙurar nan duk tsawon jiran.

Ba a gama da wannan ba sai 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka. Jama'a suka kwararo cikin Anka, har wasu suka yi bukkoki a filin da a ke ginin sabuwar fadar Sarki. A Janairun 2022 aka kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gudun hijira ya daɗu. Rijiyar da ta ishi unguwa ɗaya ta koma ta biyu, ga neman masauki, ga rabon hatsin agaji, ga tambayar wane ne baƙon kirki, wane ne ɗan leƙen asiri. Duk wanda ya zo da buhu ko da takardar ƙidaya, zauren mai unguwa ya ke fara tambaya, shi kuwa ba dogari gare shi ba, ba Baitulmali.